Na Yi Masa Mabruk a Kan Gidan Ubana

Ku da kuke ta cika min akwatin saƙo kuna tambayar ko an sa rana, ku ajiye guɗarku tukuna. Wata ma har ta turo min hoton tob, wato laffayarmu ta nan, da take so in yafa ranar ƙunshi. 'Yar'uwa na gode, amma yau ba zancen tob na zo da shi ba. Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Mawahib, ni kaɗai ce a wurin Innata, Abba ya rasu shekarun baya, kuma akwai wani Tariq da yake nemana da aure. A kansa nake wannan rubutu.

Gidanmu a Umbadda yake, cikin Omdurman. Idan ka tsayar da mai raksha, wato keken haya mai ƙafa uku, ka ba shi lamba, sai ya yi ta zagaye da kai har magariba, amma ka ce masa gidan Malam Gwadabe, a bakin ƙofa zai sauke ka. Malam Gwadabe kakana ne. Ya taso daga ƙasar Hausa ya yi aikin hajji, a hanyar komawa ya tsaya a nan ya ce zai ɗan huta, hutun da har aka binne shi bai ƙare ba. Shi ya gina ɗakunan, shi ya dasa darbejiyar da ke tsakar gida, shi ya kafa rumfar da muke kira rakuba, inda tulunan ruwa suke, inda kuma Abba ya cika a kan angarib ɗinsa, wato gadonsa na igiya. Ya bar 'ya'ya biyu, Abba da Gwaggo Kulu da ke aure a garin Madani. Ba a taɓa raba gidan ba, domin a wurinmu kawo maganar rabo abin kunya ne.

Tariq kuwa ɗan Hajj Yusuf ne, yana da shagon kayan gini a kasuwar Suk al-Shabi. Jalabiyarsa kullum fara sol, rawaninsa a naɗe tsaf, takalmi kamar bai taɓa taka ƙasar Omdurman ba. Iyayensa mutanenmu ne, amma tun zuwansa na farko ya ba Inna haƙuri ya ce shi Hausa ba ta zauna a bakinsa ba, makaranta da kasuwa sun cinye ta. Abin da ya iya bai wuce “sannu” da “na godi” ba, wannan “na godi” kuwa sai ta sa Inna dariya har da hawaye. Ta ce ɗan Hausawa da ya zama Balarabe da rana tsaka, sai ta koya masa ko da bayan aure ne.

Kun san halinmu mutanen nan. Larabci na titi ne da baƙi, Hausa kuwa ɗakin cikinmu ce, idan muka shige ta sai mu ɗauka mun ja labule. Tariq yana zaune a rakuba yana kurɓar jabana, gahawarmu ta nan, Inna za ta juya harshe ta yi ta zuba min. A gabansa ta faɗi cewa Gwaggo Kulu ta fi mu kaso a gidan nan, ta gaji mahaifinta, ta kuma gaji Abba tunda bai bar ɗa namiji ba, har kasonta ya haura rabi. A gabansa ta faɗi cewa ciwon ƙodar mijin Gwaggo ya tsotse su tas, tana ta wayar kuka tana cewa a sayar a ba ta nata. Shi kuwa yana danna wayarsa yana murmushi, lokaci lokaci ya ɗago ya ce da Larabci, “Hajja, gulmata kuke yi ko?” Inna ta ce masa ƙwarai kuwa, mu kwashe da dariya.

Inna ta so shi so ba na wasa ba. Shi ya gyara mana injin ruwa, shi ya kawo mai walda ya ɗaga ƙofar da ta sunkuya. Kullum da safe kafin in gama shayi sai ta tambaye ni me nake jira, ta ce sa'annina duk sun yi 'ya'ya, ita kuma tana so ta ga namiji a gidan nan kafin ta bi Abba. Ni ma kada in yi muku ƙarya, ina son sa. Abu ɗaya ne yake ɗan taɓa min zuciya, yadda idonsa yake bin katanga idan ya shigo, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar tela yana auna mutum da ido. Na ce a raina sana'arsa ce, mai sayar da siminti dole ya kalli bango.

Ranar wata Alhamis da hantsi, ina zaune ina cire wa Inna busasshen lalle daga ƙafa, saƙonsa ya shigo da Larabci, dogo, ba irin wanda ya saba ba. Ya ce yana da albishir, ya sayi kaso a wani gida a Umbadda, a hararmu, wato unguwarmu, ya rubuta lambar gidan, ɗari uku da goma sha bakwai, ya rubuta abin da ya biya, ya rubuta sunan wadda ta sayar masa, Awadiyya Abubakar. A ƙasa ya sa zuciya ja har guda uku.

Tsalle na yi har kwanon lalle ya kife. A hararmu fa! Ke nan ko na yi aure, da ƙafa zan riƙa leƙo Inna. Na rubuta masa mabruk, wato barka, da furanni, sai ga amsa nan take.

“Ba na son rubutu. Muryarki nake so, da ta Hajja. Ki karanta mata saƙon duka tana ji, ku sa min albarka, in ajiye abin tarihi.”

Na ce kai wannan mutum da iya soyayya. Na danna wurin ɗaukar murya na riƙe, na karanta saƙon daga farko har ƙarshe da muryar 'yan rediyo, har lambar, har sunan matar. Inna ta gyara mayafi kamar yana ganinta, ta ce da Larabcinta na tsofaffi, “Alf mabruk ya waladi, mun ji, mun ji daɗi, Allah ya sa alheri.” Ta rangaɗa guɗa. Ni kuma na rufe da Hausa don in tsokane shi, tunda ba ji zai yi ba, na ce, “Allah ya sa ka ci moriyarsa, Balaraben Inna.” Na saki, alamar ta koma shuɗiya nan da nan. Na tambaye shi wane layi ne gidan, ya ce in bari, yana so ya zame min abin mamaki.

Ya kuwa zama. Bayan 'yan kwanaki, ina shara da safe, aka ƙwanƙwasa. Wani mutum ne mai hular rana da abin awo a ƙugu, ya ce shi ma'aunin filaye ne, an turo shi gida mai lamba ɗari uku da goma sha bakwai. Inna ta leƙo daga rakuba ta ce ya yi ɓatan kai, nan gidan Malam Gwadabe ne. Mutumin bai yi gardama ba. Ya ciro makulli daga aljihu, ya miƙa hannu saman ƙofa, ya fara kankare koren fentin da Abba ya sha shafawa duk sallah. Fenti yana zuba a kafaɗarsa, wani ƙaramin faranti na ƙarfe yana fitowa. Na ga uku, na ga ɗaya, na ga bakwai. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna.

Shekaruna duka a gidan nan na yi su, ban taɓa ɗaga kai na ga wannan farantin ba. Takardar wuta Abba ke riƙewa, bayansa kuma ta waya muke saya da lambar mita. Wa zai tambaye ka lambar gidan da kowa ya san sunansa?

Mutumin ya ce mai sabon kaso ne yake so a ga ko gidan zai rabu biyu. Kafin mu dawo hayyacinmu ya ja abin awonsa daga ƙofa, ya ratsa gindin darbejiya, ya shiga rakuba, ya tsallake angarib ɗin Abba da shi. Ya girgiza kai ya ce da wuya, ƙofa ɗaya ce, filin kuma bai kai ba. Ya naɗe kayansa ya yi mana sallama da ladabi.

Na kira Gwaggo Kulu na sa a lasifika. Ta daɗe ba ta ɗauka ba, da ta ɗauka kuma kuka ta fara. Ta ce yaron kirki ne, har Madani ya same ta, ya duba mai jiki a asibiti, ya ce shi ne zai auri Mawahib, don haka gida bai fita daga dangi ba, kuma ya roƙe ta kada ta faɗa mana sai ya yi mana albishir da kansa. Na tambaye ta wace ce Awadiyya.

“Ni ce mana. Sunan takarda ne, Malam ya sa min lokacin da ake yi mana takardun zama 'yan ƙasa. Kulu ai na gida ne.”

Abubakar ɗin kuwa sunan yanka na Malam Gwadabe ne, wannan na sani, amma a Omdurman idan ka jefa dutse a kan Abubakar zai faɗa. Inna ma da ta shigo gidan nan tun tana budurwa ba ta taɓa jin an kira Gwaggo da Awadiyya ba. Ta zauna a ƙasa daɓas, can ta ce wataƙila da alheri ya yi, ai mijina zai zama. Ta faɗa sau biyu, amma idonta yana kan sawun da abin awon ya bari a ƙurar rakuba.

Ban kira shi ba, shi ma bai kira ni ba. Washegari na yafa baƙin tob ɗin da nake zuwa gaisuwar mutuwa da shi, na hau mota na tsallaka gada zuwa Suk al-Arabi. Ƙawata Duha tana aikin lauya a wani ofis a saman shagunan masu waya, tun sakandare muke tare, kuma ita ba ta iya lallashi ba. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, muka zauna muna fifita da kwali na kwashe komai na faɗa mata.

Ta ce da farko in fahimci inda muke. Mai kaso a gidan da ba a raba ba yana iya zuwa kotu ya nemi a fitar masa da nasa. Idan gidan ba zai rabu ba, ana iya sa shi a gwanjo a raba kuɗin, kuma mai sayar da kayan gini ya fi ni da Inna sanin yadda ake cin gwanjo.  Sai ta ce amma akwai ƙofa ɗaya, ana ce mata shufu'a. Idan abokin tarayya ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da damar su biya baren abin da ya biya, su karɓe kason, ko yana so ko ba ya so. Tariq kuwa a idon shari'a bare ne, ko da kullum a gidanmu yake cin abinci.

Har na fara sakin numfashi, sai ta ɗaga yatsa. Ta ce wannan dama tana da wa'adi gajere daga ranar da aka sani, kuma tana faɗuwa idan mai ita ya nuna ya yarda da cinikin.

“Tun da abin ya faru, kun ce masa wani abu? Ko a rubuce, ko da baki?”

 Na ciro waya na nemo saƙon na danna. Muryata ta cika ofishin tana ta kwarkwasa, tana karanta lambar gidan ubana, tana karanta farashinsa. Sai ga Inna da alf mabruk ɗinta, sai ga guɗa. Duha ta ajiye kwalin fifitar. Ta sa na maimaita, na maimaita, wannan karon na toshe kunne ɗaya don kunya.

“Shi ya ce ki karanta duka?”

“Shi ne.”

“Kuma ya ce da murya?”

Na gyaɗa kai. Ta ce wanda ya tsara wannan saƙo ya zauna da lauya kafin ya tura shi, domin duk abin da ake so a sanar da abokin tarayya yana ciki, gida da mai sayarwa da farashi. Na ce mata ai ba mu san gidanmu ba ne. Ta ce abin da za mu faɗa wa alƙali ke nan, kuma mai yiwuwa ya saurare mu, amma in shirya tsayawa a gaban mutane in rantse cewa ban san lambar gidan da aka haife ni ba, ban kuma san sunan gwaggona ba. Na yi ƙoƙarin goge saƙon, ta riƙe hannuna ta ce ya riga ya kwana a wayoyi da yawa.

Shawararta ɗaya ce. Mu nemo kuɗin ko daga ina ne, mu shigar da ƙara da gaggawa, kuma kada Tariq ya ji ko ƙamshin maganar sai takarda ta iso hannunsa. Idan ya farga, yana iya juya kason zuwa sunan wani, ko ya yi kyautarsa a takarda, ya ɗaure mana kai har wa'adi ya wuce muna kallo. Ta ce in yi masa murmushi, in ba shi shayi, in bar shi ya ɗauka har yanzu amaryarsa nake. Tun a kan matattakala na kira Inna na faɗa mata duka, ban ji ta ce komai ba sai innalillahi.

Motar dawowa ta maƙale a kan gada, rana tana dukan gilashi, ina kallon ruwa ina tambayar kaina abin da ku ma za ku tambaye ni. Ni yake so ya haɗa da gida, ko gida yake so ya haɗa da ni? Na tuna ranar da ya kawo mai walda, yadda ya tsaya shi kaɗai yana shafa saman ƙofar da tafin hannu. A lokacin na ɗauka tsatsa yake dubawa.

La'asar sakaliya na isa gida. Tun daga kwana na hangi farar motarsa a ƙarƙashin katangarmu. Na tarar da shi a rakuba, a kan angarib ɗin Abba, wurin da ko Inna ba ta zama, ya cire takalmi ya naɗe ƙafa. A gefensa jakar turare ce da kwalin dabino. Inna tana gaban murhun gawayi tana dafa jabana, ta yafa tob ɗinta mai ruwan toka, fuskarta cike da fara'a har na tsorata.

Ya miƙe ya tarbe ni da muryar nan tasa mai sanyi. Ya ce ya san mun ji, ya kuma san hankalinmu ya tashi, laifin ma'aunin ne da ya riga shi zuwa. Ya ce dillalai ne suka fara zagaye Gwaggo, da bai yi sauri ba da yanzu wani baƙo ne a kanmu, don haka ya rufa mana asiri da aljihunsa. Awon kuwa don yana so ya ɗora mana bene ne. Ya ce a sa rana kawai, komai ya zama na gida ɗaya. Wallahi ya iya magana. Da ban je wurin Duha ba, da kuka zan yi in gode masa.

Na yi murmushin da aka umarce ni, na ce masa Allah ya saka. Inna ta zuba masa jabana a ƙaramin finjali, ta miƙa masa da hannu biyu, tana ce masa ya waladi, wato ɗana. Sannan ba tare da ta daina fara'a ba, ba tare da ta rage murya ba, ta juya harshe kamar yadda ta saba.

“Ci gaba da washe masa baki, 'yar nan. Na yi waya da kawunki na Jidda, zai turo abin da ya samu, gwal ɗina ma na kai an auna. Jibi da sassafe mu tafi kotu da ƙawarki kafin wannan macijin ya farga.”

Na ji sanyi a raina, na ce ashe Innata tana nan. Tariq ya ɗago daga wayarsa ya yi tambayarsa ta kullum, ko gulmarsa muke yi. Inna ta ce ƙwarai kuwa, muka yi dariya mu uku.

Da ya tashi tafiya na raka shi ƙofa. Ya tsaya daidai ƙarƙashin farantin da aka kankare, ya ɗaga kai ya kalle shi, ya sa yatsa ya goge ragowar fentin da ke kan bakwai ɗin. Ya gyara rawaninsa a hankali. Sai ya sunkuyo kusa da kunnena, ƙamshin turarensa ya rufe ni, ya buɗe baki da wata Hausa tsantsa, mai nauyi, irin wadda rabona da jin ta tun Malam Gwadabe yana raye.

“Mawahib, ki ce wa Inna ta bar gwal ɗinta, na biki ne. Jibi kuma ya yi nisa, ni gobe nake da aiki a ofishin filaye.” Ya yi ɗan murmushi. “Addu'arki ma na ji ta tun ranar. Kin ce Allah ya sa in ci moriyarsa, na ce amin.”

Ya shiga motarsa ya ja a hankali don kada ya tayar mana da ƙura. Na tsaya riƙe da ƙofar, ina lissafa duk abin da muka taɓa faɗa a rakubar nan yana zaune yana kurɓar jabana. Daga ciki na jiyo Inna tana wanke finjalai tana ɗan waƙe-waƙe, ta ɗaga murya ta kira ni.

“Ya tafi? Shigo mana ki ga yadda na yi masa. Bawan Allah, ko kalma ɗaya bai ji ba.”